Rigar masunta mai tarin aljihuna da ruwan Gidimuni

Duk wanda ya saba zaga wajen 'yan gwanjo a Kasuwar Dole ya san rigar nan marar hannu mai tarin aljihuna, kalar ƙasa ko ruwan toka, wadda samari ke ce wa jile. A Damagaram ta zama rigar kowa. Ɗan jarida na sanya ta, ɗan kabu-kabu na zuba canji a cikinta, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji sun mayar da ita kamar kakin aiki. Mu ma malaman lakwal muna son ta, don alli na samun aljihunsa, jan biro na samun nasa, goro ma ba a bar shi a baya ba. Ni kaina ina da guda, kuma ta yi mini amfani ƙwarai a shekarun da nake koyarwa a ƙauye.

Asalinta kuwa rigar kamun kifi ce. Turawa na da wani salon fatsa da ba a sa tana ko gari a ƙugiya. Gashin tsuntsu da na dabba ake ɗaura mata da zare har ta yi kama da ƙwaro, sai a riƙa wurga ta bisa ruwa, kifi ya zaci ƙwaro ne ya faɗo, ya kawo cafka. Mai wannan fatsa a tsaye yake yini cikin kogi, ruwa iya cinya ko iya ƙugu, hannu ɗaya na riƙe da sanda, ɗaya na jan igiya, ba shi da inda zai ajiye jaka. Wani Ba'amurke mai suna Lee Wulff ne ake cewa ya fara ɗinka wa kansa irin wannan riga a farkon shekarun 1930. In ka san haka, sai ka gane dalilin kowane abu da ke jikinta. An yi ta gajeruwa don kada aljihunan su taɓa ruwa. Ɗan gashin tunkiyar da ke maƙale a ƙirjin wasu, wurin soke jiƙaƙƙun ƙugiyoyi ne su bushe. Zoben da ke bayan wuya, wanda na ga wani abokin aikina yana rataya makullin babur a jiki, na rataya ƙaramar ragar kwaso kifi ne.

Abin da ya sa na zauna na yi wa rigar kallon tsanaki, ɗan ƙanwata ne. Yaro ne ɗan shekara 13, a hannuna yake karatu, amma da an yi babban hutu sai ya koma wajen iyayensa a Gidimuni, gabas da Mirya a kan hanyar Gure. Wanda ya san garin ya san tafkinsa da lambunan rake da dabino da ke kewaye da shi, ya kuma san tarwaɗa da karfasar da ake fitarwa daga ciki. Yaron ya fara bin masunta. Kafin hutun bana ya ce mini, "Kawu, in za ka yi mini tsaraba, jilen ruwa nake so, irin mai aljihun nan. Ko mutum ya faɗa ruwa ba ya nutsewa."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Ba shi kaɗai ya yarda da haka ba. Da na je kasuwa, mai kayan ya ɗago mini wata mai aljihu goma sha biyu, har da hoton kifi a wuyanta, ya ce, "Mushe, wannan ai ta shiga ruwa ce, ga kifi ma a jiki." Ban ga alamar yana son ya cuce ni ba, abin da ya sani ke nan. Da Faransanci rigar kamun kifi da rigar ceto daga nutsewa duk suna ɗaya suke amsawa, jile, kalmar da ke biye ce ke raba su, ita ce kuwa ke faɗuwa a hanya kafin dila ya iso Damagaram. Akwai ƙalilan da ake haɗa su da soso su yi aiki biyu, amma duk waɗanda na juya na matsa a ranar, yadi ne zalla da zif.

Sai na riƙa auna ta da ruwan da yaron zai shiga. Tafkinmu ba shi da kasan duwatsu irin na kogunan da aka yi rigar dominsu. Laka ce mai riƙe ƙafa, ga ciyawar ruwa, ga raga da mamari da wasu suka shimfiɗa tun daren jiya. Yaro kuwa in ya samu aljihu sai ya cika shi: darma, wuƙa, ƙugiyoyi, tocila, wani har da waya. In ya zame a wuri mai zurfi, duk wannan nauyi na ƙirjinsa. Yadin ya jiƙe ya manne masa, zobuna da kawunan zif su sarƙe da raga, shi kuma ya shiga da ƙarfin gwiwar cewa rigar za ta ɗaga shi. Da ya shiga da gajeren wando kaɗai, da tsoron ruwan na nan tare da shi, ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa.

Masuntanmu sun daɗe da warware matsalar da Lee Wulff ya warware, ta hanyarsu. Gora ce rigarsu, ita ce kuma jirginsu. Mutum ya kifa cikinsa a kanta, yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana bin ragarsa, kifin da ya cire ya jefa ta ɗan bakin da aka fafe a sama. Mijin ƙanwata ya taɓa nuna mini yadda yake zaɓenta: wadda ta nuna sosai kafin a cire ta, mai kaurin jiki, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa yana saurare, in akwai tsaga sautin zai faɗa masa. Na fi ganin hikima a cikin wannan da cikin aljihu goma sha biyu. Sai dai gora ba a ɗaure take da jiki ba. In ta suɓuce, iyo ne kawai zai fid da mutum, shi ya sa masunci ba ya ɗora ɗansa a kanta sai ya tabbata ya iya ruwa.

A nan ne yaran birni suka fi ba ni tsoro. Damagaram garin ƙishirwa ne tun fil azal, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Yaron da ya tashi yana bin layin famfo da jarka, ina zai koyi iyo? Amma da marka ta kankama a watan Agusta, tafkuna da ramukan da aka haƙi ƙasar gini sai su cika maƙil, daidai lokacin da lakwal ke rufe, iyaye na gona ko kasuwa. Ramin da yara suka yi ƙwallo a cikinsa da rani, da damina ya fi ƙarfin tsayin babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne kan gaba. A 2021 ɗin ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. Ranar tana faɗowa tsakiyar hutunmu, babu aji, babu malamin da zai ambace ta.

Rigar ceto ta gaskiya ba ta da wuyar ganewa. Tana da kauri, in ka matsa za ka ji soso mai tauri wanda ke dawowa in ka saki, yawanci kalar lemo ce mai ɗaukar ido don a hango mutum daga nesa. Akwai igiyoyin ɗaurewa da maƙalai, ta yara har da wadda ke bi ta tsakanin ƙafafu, kuma a ciki an rubuta nauyin wanda aka yi ta dominsa da kilo. In ka sanya wa yaro ka ɗaure, kama kafaɗun rigar ka ja sama. In ta haura masa har kunne, ta yi masa yawa, a ruwa ma haka za ta zame ta bar shi. Ta gwanjo kuma a duba ko soson ya mutu ko igiya ta ruɓe. Na sha yawo kafin in samu, kuɗinta ya ninka na mai aljihun, kuma yaron ya ɗaure fuska da ya gan ta, wai babu inda zai sa ƙugiya. Na kai wa tela ya ɗinka masa 'yar jakar rataya daban, na kuma gaya wa mahaifinsa cewa rigar ba ta ɗauke masa koya wa ɗansa iyo ba.

Ga 'yan'uwana malamai, akwai ɗan darasin da na yi wa ajina a makon ƙarshe na Yuni, bai ci minti ashirin ba. Na sa aka cika babban baho da ruwa a tsakar lakwal. Na tuɓe tawa rigar, yara suka zuba tsakuwa a aljihunanta gwargwadon abin da masunci zai ɗauka, muka saka ta, ta yi ƙasa nan take. Muka saka ƙaramar gora da jarka rufaffiya, yara uku suka yi ta danna su suna tasowa. Daga nan muka yi maganar abin da za a yi in aboki ya faɗa: a yi kururuwa, a miƙa masa doguwar sanda ko a jefa masa jarka da igiya, kada wanda bai iya ruwa ba ya bi shi ciki. Na tambayi waɗanda suka iya iyo su ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ɗaya daga cikinsu ma na tabbata kunyar abokai ce ta ɗaga shi. Na rubuta sunayen sauran, na aika wa iyayensu tare da takardar sakamako.