Hoton Baba da Tawadar da Ta Ci Amanarsa

Hoton mahaifina guda ɗaya ya rage mana, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a Funtuwa tun ina goye. Sa'ad da rashin tsaro ya tashi danginmu daga ƙauyenmu na ƙasar Faskari, hoton ya salwanta a hanya, sai kwafin da na taɓa ɗauka da waya. Na kai shi wani shago a Ƙanƙara aka buga mini uku: nawa, na Inna, da na yayata da ke aure a Sabuwa. Kafin a ga damina biyu, fuskar Baba ta yi kore-kore, farar rigarsa ta koma ruwan ƙasa. Inna ta dube shi ta ce, "Wannan ai ba Malam ba ne."

Maganarta ce ta sa na bi diddigin abin. Ashe tawadar firinta iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ke narke a ruwa. Tana da araha da sheƙi, amma rana da danshi suna cinye ta. Akwai kuma ta gari, wadda ƙananan ƙwayoyi ne ke zama a fuskar takarda, baƙinta kuwa na sinadarin gawayi ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san danginta, domin da gawayi da ƙaro muke haɗa tamu, kuma hasken rana ba ya kodar da gawayi.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Yawancin ƙananan firintoci suna samar da ruwan toka ne ta hanyar gauraya shuɗi da ja da rawaya. Launukan nan ba tare suke kodewa ba. In jan ya riga tafiya, sai kore ya bayyana. Shi ya sa kamfanin Epson ya fito da tawadar K3 a 2005, mai baƙi hawa uku, don a gina inuwar hoto galibi da baƙi da toka.

Ta gari ma tana da nata halin. In inji ya daɗe a ajiye saboda rashin wuta, ga ƙurar hunturu, sai ta bushe ta toshe bakinsa. Takarda mai sheƙi da marar sheƙi kuma kowace da irin baƙin da take karɓa.

Yanzu nakan tambayi mai shago kai tsaye: ta rini ce ko ta gari, kuma baƙi nawa injinsa ke da shi? Sannan in karɓi ɗan gwaji, in rufe rabinsa da kwali, in jingine a taga wata guda. Rabin da ya sha rana zai faɗi gaskiya.

A Kano na sake buga hoton. Na Inna yana rataye a bangon da rana ba ta kaiwa, kuma takan nuna wa jikoki ta ce ga kakansu.