Gidan tarihi na kusa da gida

Idan ka tambayi yaro a Damagaram ko Maraɗi ina gidan tarihi yake, zai ce maka Yamai. Ka ce me ke ciki, ya ce zaki da kura da dorina. Yana da gaskiya. Gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda yau ke ɗauke da sunan Boubou Hama, yana da namun daji, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, da ragowar itacen Tenere da mota ta kayar a 1973. Sai dai daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Iyaye nawa ke da kuɗin wannan tafiya?

Shi ya sa nake ganin gidajen tarihi na jihohi, irin na Damagaram da na Dosso, su ne rabon ƴaƴan talaka. Amma mu da ke kusa da su mun bar wa baƙi, kamar don su aka gina.

Na taɓa raka ƴan lakwal wani daga cikin waɗannan gidaje. Wata yarinya ta tsaya gaban ƙwarya mai zane, ta daɗe, sannan ta ce: "Mushe, ai kakata na da irinta, hatsin kaji take zubawa." Abokanta suka yi dariya. Washegari kuwa ta zo da sunan kowane zane da ke jikin ƙwaryar, don ta je ta tambayi tsohuwa. Darasin da ban iya bayarwa a allo ba ke nan.

Wasu iyaye na ɗari-ɗari, suna zaton wurin gumaka ne. Su je su gani da idonsu. Fasaharmu ta hannu ce: aikin dukawa da fatar jar akuyar Maraɗi, saƙa, sassaƙa, ƙira, da zanen bango irin wanda ke gaban tsofaffin gidajen unguwar Birni, kewaye da fadar Sarkin Damagaram. Wannan zanen ne ya fi damuna. Duk damina wani bango na zubewa, a maye shi da bulo da siminti, maginan da suka iya aikin kuma suna tsufa ba magada.

Malamai, yamma ɗaya ta isa. Ku kai aji, kowane yaro da takarda da alƙalami, ya zauna ya kwaikwayi dagi guda. Zai koyi awo da daidaito, ya kuma san cewa wani ne ya yi tunanin abin kafin ya yi shi. Iyaye kuma, kafin ku sayar wa dillali tsohon sirdi ko akwatin fata na gado, ku bari ƴaƴanku su riƙe shi, su ji wa ya yi shi. Yaron da bai san darajar abin gidansu ba, da arha zai rabu da shi.