Ƙanena Likita Zai Zama Akawu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana akawuna da malamai wata gardama da muka yi a gidanmu, wadda ni ne aka kayar.

Ni akawu ne, shekarata goma sha biyu ina riƙe da littattafan ofis. Da ubanmu ya rasu, ni na ɗauki nauyin karatun ƙanena har ya fita likita. Ubanmu kuwa ciwon ƙirji ne ya kama shi da asuba, kafin la'asar ya cika. Tun daga ran nan na ƙudurta a raina yaron nan zai zama irin likitan da ke buɗe jijiyar zuciya in ta toshe. Sai ga shi da sallar da ta wuce ya ce mini, "Yaya, ilmin zuciya zan yi, amma rabin lokacina zan ba aikin bin sawun marasa lafiya, in ƙidaya wanda ya rayu da wanda ya mutu bayan magani."

Na ce, "Watau duk wahalar da na sha, akawu za ka zama kamar ni?"

Kada mai karatu ya ga laifina, gama aikin da na so masa ba ƙaramin aiki ba ne. Zuciya tana da jijiyoyinta masu kai mata jini. In kitse ya taru a ɗaya, gudan jini ya zo ya liƙe ta, sai naman da ta ke ciyarwa ya fara mutuwa. Likitan nan ba ya tsaga ƙirji. Siririn bututu ya ke zurawa ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, yana duban hoto yana turawa har ya kai wurin, ya hura ɗan balan-balan, ya bar wata 'yar ragar waya ta tokare hanyar. Mutum na farke a ke yi masa.

Wani Bajamushe, Werner Forssmann, shi ya fara a 1929, yana da shekara 25. A kansa ya gwada. Ya zura bututu fiye da kamu guda ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, sa'an nan ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto don a shaida. Sai a 1956 aka ba shi lambar Nobel. Ran 16 ga Satumba 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciyar wani mutum da balan-balan a birnin Zurik, ragar waya kuwa a 1986 aka fara sa ta. A Amurka, bayan an fita likita sai an yi shekara 3 ana koyon cututtukan cikin jiki, 3 ana koyon na zuciya, sa'an nan aƙalla 1 ana koyon zura bututun. Mai wannan sana'a a kan tashe shi tsakar dare, ya tsaya da rigar darma mai nauyi don tsare jikinsa daga hasken injin hoto. Wa zai ƙi a ce ƙanensa ne?

Yaron ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce, "Yaya, in an ce maka kuɗin ofis sun cika, ka kan yarda ba ka buɗe littafi ba?" Na ce a'a. Ya ce to, magani ma haka ne.

Ya ba ni labarin wasu magunguna biyu da a ke ba waɗanda suka tashi daga ciwon zuciya a Amurka, don su daidaita musu bugunta. Lalle suna daidaitawa, kowane likita ya gani da idonsa a takardar awo. Amma da aka raba marasa lafiya kashi biyu, aka ba waɗansu, aka ba waɗansu ƙwaya marar magani, aka ƙidaya, sai a 1989 aka ga masu shan maganin sun fi mutuwa. Ba likita ɗaya da zai iya gane wannan a ɗakinsa, domin in mai ciwon zuciya ya mutu, cewa za a yi ciwon ne. Sai lissafi ya tona.

Har ragar wayar da na ke yabo ba ta tsira ba. A 2007 aka bayyana wani bincike a kan mutum 2,287 masu ciwon ƙirjin da ke tashi in an yi aiki, ya lafa in an huta. Waɗanda aka sa wa raga ba su fi waɗanda aka bari da shan magani kaɗai tsawon rai ba. Amma ga wanda jijiyarsa ta toshe farat ɗaya, irin ubanmu, buɗe ta da gaggawa ceton rai ne, kowane minti kuwa da lissafinsa.

Nan ne maganar ta shige ni, don aikina ne sak. An ƙayyade kada a wuce minti 90 tsakanin shigowar marar lafiya ƙofar asibiti da buɗe jijiyarsa, amma asibitoci da yawa ba su cika ba. Masu bincike na Jami'ar Yale, cikinsu har da Elizabeth Bradley da Harlan Krumholz, suka bi asibitoci suna tambaya, me masu sauri ke yi? A 2006 suka ba da amsa, ba wani sabon inji a ciki. Likitan da ya fara karɓar mutum shi zai kira ma'aikatan ɗakin bututu, ba sai ya jira babba ba. Waya ɗaya za a buga ta tashe su duka. Daga 2005 zuwa 2010 matsakaicin jiran ya sauko daga minti 96 zuwa 64. Duk akawun da ya taɓa ganin takarda ta kwana uku a tebur tana jiran sa hannu ya san wannan ciwo.

Mai wannan aiki sai ya ƙara koyon ilmin ƙididdiga a kan likitancinsa, ba kuwa mai yi masa godiya a bakin gado. Na faɗa masa haka. Ya ce ya sani. Ya ce a ƙasarmu hawan jini ne ya fi raunana zukatan mutane, yana so ya san mutum nawa ke ci gaba da shan magani shekara guda bayan an sallame su, da abin da ke hana sauran.

Sa'an nan ya tambaye ni ƙarfe nawa ciwon Baba ya fara, ƙarfe nawa muka isa asibiti. Shi yana makarantar kwana a lokacin. Ni kuwa, halin akawu, na rubuta. Na ɗauko ɗan littafina na shekarar, muka duba tare. Ya fara ƙarfe 5 da rabi, mun isa ƙarfe 12. Sa'a shida da rabi muna gida muna jiƙa masa kanwa, muna cewa ƙwannafi ne. Ni ne na ce a jira rana ta ɗaga.

Bai ce mini kome ba. Ya kwafe lokutan biyu a shafin farko na littafinsa, ya maido mini da nawa. Washegari na sa hannu a takardar lamunin kuɗin karatunsa.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.