Kaftanin Nasiru

Takardar ta iso ranar wata Talata, a tsakiyar damina. Wata makaranta mai zaman kanta da ke tsallaken babban titin Kanda ta gayyaci ɗana Nasiru, mai shekara tara, ya je a gana da shi kafin a yanke shawarar ɗaukarsa aji huɗu. Daga cikin yaran da za a gana da su, kaɗan ne za a yafe wa rabin kuɗin makaranta. Ni kuwa mai 'yar rumfar sayar da kayan gyaran waya ne a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, in babu wannan rangwame, ko ƙofar makarantar ba zan tunkara ba.

A ƙasan takardar an bayyana shigar da ake so yaro ya yi, da wasu kalmomi biyu na Turanci waɗanda na kwana uku ina juya su a raina. Abin da suke nufi shi ne shiga mai tsari da tsabta, wadda ba ta kai nauyin kwat ba, ba ta kuma sauka zuwa kayan zaman gida ba. Mu kuwa a Hausa iri biyu muka sani: manyan kaya da ƙananan kaya. Duk wanda ya tashi a zango ya san cewa zaɓi tsakanin waɗannan biyun ya wuce maganar yadi da ɗinki, domin kafin ka buɗe baki tufafinka sun riga sun faɗi unguwar da ka fito.

Hajara, mahaifiyarsa, ba ta ga abin wahala a ciki ba. Ta buɗe akwati ta fito da kayan Sallarsa, farar shadda mai aiki a wuya da hula. Na ce a'a, shaddar tana ƙyalli, tana ƙara in ya motsa, zai shiga kamar angon da ya ɓata hanya. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Abin da ban faɗa mata ba shi ne ba na so a dube shi a ce ga ɗan zango.

Ina kamar shekarunsa lokacin da nake karatu a wata makarantar mishan. Ranar rufe makaranta, wadda ake barin yara su zo da kayan gida da abinci, Hajiya ta sa mini sabon kaftani, na tafi ina taƙama. Da na shiga aji, wani yaro ya tambaye ni da ƙarfi ko gadi aka ɗauke ni. Aji ya fashe da dariya, malamin ma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Tun daga ranar, in zan fita daga Nima zuwa wani ofis ko asibiti ko banki, ƙananan kaya nake sawa. Kaftani ya zama na Juma'a da suna da jana'iza. Na ɗauki wannan a matsayin wayo, na kuma yi niyyar gadar wa ɗana shi.

Ranar Asabar na kama hannunsa muka hau tro-tro zuwa Kantamanto. Kasuwar ta sake tashi da sababbin rumfunan katako bayan gobarar da ta cinye ta a farkon Janairun 2025, gwanjo kuma na nan tuli kamar yadda aka saba. Mutanen gari suna kiran waɗannan kaya obroni wawu, wato Bature ya mutu. Muka yi ta tono har na samo shat mai ruwan sararin samaniya da wandon kaki wanda bai ji jiki ba. Na biya, na dawo gida ina jin na gama aiki.

Da yamma na sa shi ya gwada a tsakar gida. Hannun shat ɗin ya ɗan zarce, kwalar tana cizon wuyansa, sai jan ta yake yi. Ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a saki, kamar wanda aka kira gaban alƙali. Hajiya tana zaune a tabarma tana tsince geron kokon gobe, sana'ar da ta ciyar da mu da ita fiye da shekara talatin. Ta ɗago kai ta dube shi tun daga sama har ƙasa, sannan ta dube ni.

"Wannan ɗan wa ka kawo mini?"

Na yi dariyar yaƙe, na ce, "Hajiya, ai an ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura."

Ta ce, "An faɗa. Amma masu wutsiyar sun san tsumma in sun gan shi."

Ta ajiye faifan, ta ba mu labarin da na sha ji amma ban taɓa saurara da kunnen uba ba. A ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa, tana yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Kakanninta fatake ne da suka biyo hanyar goro zuwa Salaga, suka gangaro kudu bayan yaƙin da ya watsa garin a 1892. A nan aka haifi mahaifinta, a nan aka haife ta, amma ba wanda ya mallaki takardar shaida. Ta ga maƙwabta suna sayar da gadaje da tukwane a wulaƙance, suna hawa manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Mahaifinta ya ninke babbar rigarsa da rawaninsa ya tura ƙarƙashin gado, ya yi makonni yana fita kasuwa da wata tsohuwar shat ta aro. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ya ƙanƙance kamar a kwanakin nan ba.

"Shi tsoron kora ya sa shi tuɓewa," in ji ta. "Kai da katin ɗan ƙasa a aljihunka, wa zai kore ka?"

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Tsorona ba na banza ba ne, na kuma san da yawa daga cikinku kun san shi. Akwai 'ya'yan maƙwabtanmu mata da ke ninke hijabi su cusa a jaka kafin su shiga ƙofar makaranta. Kowa kuma yana tune da 2021, lokacin da makarantar Achimota ta ƙi karɓar wasu ɗalibai biyu 'yan Rasta saboda gashin kansu, har sai da babbar kotu a Akra ta ba da umarnin a ɗauke su. Ƙofar makaranta a ƙasar nan takan auna kamanni kafin ta auna ƙwaƙwalwa.

Sai dai ƙasar ba fuska ɗaya gare ta ba. Daren da Nkrumah ya yi shelar 'yancin kai a watan Maris na 1957, batakarin arewa ne a jikinsa da jikin abokan gwagwarmayarsa. Tun 2004 gwamnati ta ƙarfafa wa ma'aikata sa tufafin gida ranar Juma'a, har ya zama al'ada a bankuna da ofisoshi. A 2019 kuma Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana da shekara ɗari, ya halarci bikin Ista a cocin Katolika na Christ the King cikin rigarsa da rawaninsa, aka karɓe shi da girmamawa. Na tambayi kaina: in dattijo ya shiga coci da kamanninsa, me zai hana ɗan shekara tara shiga ofishin shugabar makaranta da nasa?

Da safe na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na kira Nasiru na tambaye shi wanne yake so. Ya yi shiru, yana duban fuskata don ya gano amsar da nake nema. Can ya ce, "Baba, wanda ba ya cizon wuya. Kuma mai aljihu a gefe, in sa birona."

Muka tafi wurin telanmu a Mamobi. Da na bayyana masa, ya yi dariya ya ce ni ne uba na uku da ya zo masa da wannan damuwa a watan. Shi ya fassara mini kalmomin Turancin nan biyu da almakashi. Ya ce a bar shadda, a ɗauki yadin auduga mara ƙyalli, shuɗi mai duhu wanda ba ya nuna ƙura. Rigar ta tsaya a gwiwa, kada ta sauka ta hana shi tafiya. Hannu ya tsaya daidai wuyan hannu da maɓalli ɗaya. Aiki a gaba ya zama siririn layi da zare kalar yadin, wanda sai an matso za a gani. Wando ya zama tsukakke kaɗan, kada ya share ƙasa. Sai baƙin takalmi sau-ciki da safa, da aski mai tsabta.

A kan hula muka daɗe. A wurinmu fita da kai a buɗe gaban manya rashin kamun kai ne. A tarbiyyar makarantun boko na nan kuwa, shiga ofis da hula a ka shi ne rashin ladabi. Tela ya ce kada a ɗora wa yaro rigimar da ba tasa ba, a bar hular a gida. Na yarda, Hajiya ma ba ta ja ba. Ya ƙara da cewa a wanke kayan a cire musu taurin sabunta, yaro ya je Juma'a da su sau ɗaya, don kada ranar ganawa ta zama ranar da zai fara sabawa da su.

Ranar ta zo da ruwan sama tun asuba. Na tsaya gaban akwatina na ɗan lokaci, sannan na ajiye shat ɗin da na goge, na ɗauko kaftanina. Ba zai yiwu in tura shi da abin da ni nake ɓoyewa ba. Muka ratsa taɓon bakin kwata da silifa, takalmanmu a leda, sai da muka tsallaka titi muka sa su. A ƙofar makarantar, maigadin, wani dattijo mai furfura, ya dube mu ya washe baki, ya ce da Hausa, "Sannunku da zuwa. Allah ya ba yaro sa'a." Na riƙe hannunsa da hannu biyu na gaishe shi. Kunya ta kama ni da na tuna shekara talatin na yi ina gudun a kamanta ni da mutum irinsa.

A ɗakin jira akwai yara da shat da wando, akwai wata yarinya da rigar atamfa, akwai kuma wani da aka shaƙe da kwat yana ta gumi. Wata mata ta dube mu ta kau da kai, ta ja jakarta kusa da ita. Na gani, na ji zafin, amma Nasiru bai lura ba, yana ta taɓa bironsa a aljihu.

Bayan kamar minti ashirin ya fito. Ya ce an sa shi karatu da lissafi, an tambaye shi harsuna nawa yake ji, ya lissafa Hausa da Twi da Turanci da Ga kaɗan, ya ce yana kuma karanta Larabci. Malamar ta tambaye shi sunan rigarsa da wanda ya ɗinka ta. "Na kuma gaya musu Kaka ce ke yin kokon da ya fi na kowa daɗi a Nima." Gabana ya faɗi, sannan na kama kaina, na yi dariya.

Bayan mako uku takarda ta zo, an ɗauke shi, da rangwamen. Karatunsa ne ya samo masa gurbin, kaftanin dai ya bar shi ya zauna a kujera da natsuwa ya nuna abin da ya sani. Tun watan Satumba yunifom yake sawa kamar kowa, kuma haka zai ci gaba har ya gama. Wannan ya sa na fahimci cewa safiyar nan ce kaɗai makarantar ta gan shi a kayan gidansu, kuma saura kaɗan in hana su ganin hakan.

Ban ce kowa ya yi yadda na yi ba. Wani yaron a ƙananan kaya ya fi sakewa, wata makarantar kuma ta rubuta dokarta ɓaro-ɓaro, sai a bi. Abin da nake roƙon iyaye 'yan'uwana a Nima da Sabon Zango da Kumasi da sauran zangunanmu shi ne, kafin ku tafi kasuwa, ku tambayi yaron, ku kuma tambayi kanku ko tsoron wa kuke shirin sa masa.

Shat ɗin Kantamanto tana nan a akwati, sai baɗi za ta yi masa daidai. Hajiya ta ce in ta yi, ya sa abinsa ya je kallon ƙwallo. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani.