Yadda Dark Sun Ya Kai Wasan Tebur Cikin Hamada

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka. Wasa ne da ake yi kewaye da tebur: kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, jagora yana ba da labari, ana jefa ɗan lido mai fuskoki da yawa don yanke hukunci. An gina dokokinsa a kan duniya mai kama da Turai ta dā, inda sulke da zinariya suke a wadace.

A 1991 kamfanin TSR ya ɗauke wasan zuwa hamadar Athas a cikin Dark Sun, wanda Troy Denning da Timothy Brown suka tsara. Da sunayen garuruwa kawai suka sauya, da ’yan wasa sun ci gaba da farautar zinariya kamar dā. Sai suka taɓa dokokin kansu. Ƙarfe ya yi wuya, makaman ƙashi da dutse suna iya karyewa ana tsakiyar faɗa. Kuɗi ya koma na yumɓu, ruwan sha kuma ana lissafinsa kullum. Jarumi yana farawa daga mataki na 3 saboda tsananin ƙasar. Tsafi yana zuƙe ran tsirrai, don haka matsafi mai haɗama yakan bar toka a inda ya tsaya.

Ɗan wasa yana kula da abin da doka take ƙirgawa fiye da abin da jagora yake siffantawa. Duk mai son ’yan wasansa su ji ƙishirwar hamada, wajibi ne ya sa ruwa cikin lissafi.