Wa'adin Tsohon Kuɗi a Lambara

Ciniki alkawari ne, alkawari kuwa sai da tsayayyen wa'adi. A shekarar 2023 'yan kasuwar Lambara, tsakanin Boɗinga da Shagari, sun ɗanɗani ɗacin rashin haka. Babban Bankin Nijeriya ya tsayar da 31 ga Janairu domin daina karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kwatsam aka ɗage zuwa 10 ga Fabrairu, a watan Maris kuma Kotun Ƙoli ta kai wa'adin ƙarshen Disamba. Mai tumatirin da ya ƙi tsohon kuɗi, hajarsa ta ruɓe. Wanda ya karɓa kuwa ya kwana cikin zullumi. Dole wasu suka koma bayar da bashi ga idon sani, domin amana ba ta tsufa.