Bidiyonmu na Tsirar Wake

Kwana 7 muna ɗaukar hoton waken da muka shuka a gwangwanin madara, da wayar Malamin Kimiyya. Wajen haɗa hotunan su zama bidiyo gardama ta tashi. Wasunmu KineMaster suke so, amma ta kyauta tambari take liƙawa a kusurwa. Muka tsaya a kan CapCut, muka rubuta "saiwa" da "ganye" a jikin hotunan, muka naɗi muryarmu da Hausa.

Ba mu da kuɗin data. Wani mai cajin waya a Dambatta ne ya tura mana manhajar ta Xender. Wayar ta cika, sai da Malam ya kwashe hotunan sunan ɗansa. Wallahi mun ji kunya! Ranar Litinin 'yan aji ɗaya za su kalla.